Mun Tafi Ɗaga Shanu da Mahauci

Shekaranjiya ina zaune bakin rumfata, wani moto mai ƙafa uku ya fito ta hanyar Madekali ɗauke da saniya. Da ranta. An haɗa ƙafafunta huɗu an ɗaure, kanta na lilo a bayan bodi, idonta a buɗe tana kallon shagunan da ake wucewa. Maƙwabcina mai facin taya ya ce mai ita ya yi sa'a, tun ba ta mutu ba ya samu mai saye. Na haɗiye zagin da ya zo mini baki, don shi ba shi da laifi. Ɗan jiya ne, bai taɓa ganin yadda ake ɗaga saniya ba. Yanzu da saniya ta faɗi a ruga, kafin rana ta yi tsaka an buga salula, dillali ya iso da igiyarsa, an jefa ta a moto kamar buhun albasa. Ba mai tambayar ko da za ta tashi. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin tuwo.

Mu a namu zamanin, in saniya ta faɗi ɗaga ta ake yi. Wanda bai zauna kusa da ruga ba zai ɗauka wasa nake. In bazara ta yi tsanani, fadamar bakin gulbi ta koma fara fat, sai mazan Fulani su kora shanu masu ƙarfi su yi kudu neman ciyawa. A ruga sai tsofaffi da mata, da shanun da ba za su iya doguwar tafiya ba: tsofaffi, da ramammu, da masu tsohon ciki. Irin waɗannan, in sun kwanta da dare, da safe ƙafa ta ƙi. Ba ciwo ba ne, yunwa ce. Saniya za ta yunƙura, ta ɗaga baya, gwiwar gaba ta ƙi miƙewa, ta koma ƙasa da wani nishi da har yau in na tuna shi tsigar jikina ke tashi. In aka samu ƙarti suka tayar da ita, aka riƙe ta har jini ya sauka ƙafa, to za ta wuni tsaye tana tsintar abin da Allah Ya ba ta, gobe kuma a sake. In ba a samu ba, ta kwana ta wuni a ƙasa, ta sake kwana, ƙafafun sun mutu ke nan tun ita ba ta mutu ba.

Lokacin ina saurayi, ina dakon albasa a kasuwar Malanbil, garinmu na bakin iyaka. Zamanin da aka fara zaɓe ne, baki ya buɗe, kowa ka gani yana kafa ƙungiya. Masu kabu-kabu da tasu, masu sayar da kifi da tasu. Mu 'yan dako abin da muke da shi ƙashin baya ne kawai, sai muka ce bari mu ba da shi. Ba mu da suna, ba mu da shugaba mai hula, ba wanda ya aike mu kuma ba wanda ya biya mu. Mutane ne suka sa mana 'yan ɗaga. Da an sallame asuba muke haɗuwa bayan masallaci, kowa da kekensa, an ɗaura azara biyu a jikin ƙarfe. Ina jin sautin safiyar nan har gobe: kiran sallar Gaya, garin da ke hayin gulbi, da ke ƙetaro ruwa ya riski namu, manyan motoci na ɗumama inji a bakin duwan, wato ofishin kwastan, sarƙar kekena da ba ta taɓa ganin mai ba tana kuka, azara na bugun cinya. Mu bi ruga ruga, daga bayan gari har wajen Garu, mu duba wadda ta faɗi, mu cusa azara ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya gaban hantsa, wani ya kama ƙaho, wani ya kama wutsiya, a yi bisimilla a ɗaga gaba ɗaya. In ta tsaya sai ka ji tsofaffin mata na sa albarka da Fulatanci, mu kuwa ba ma ji, amin kawai muke cewa. Kafin rana ta yi zafi mun koma kasuwa da kashin shanu har gwiwa, 'yan mata masu fura na toshe hanci suna mana dariya.

Matsalarmu ɗaya, mun san nauyin saniya amma ba mu san saniya ba. Likitan dabbobi ɗaya ne a duk yankin, in ka gan shi sau ɗaya a bazara ka gode Allah. Sai muka zauna muka yi shawara irin ta 'yan kasuwa: wa ya fi kowa sanin shanu a garin nan? Duk bakinmu ya zo ɗaya, Baba Arzika mahauci. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya shekara da shekaru a mahauta, in ya shafa bayan saniya zai gaya maka abin da ta ci da abin da ta rasa. Da muka je masa bai ja rai ba. Ya ce, "Ku ɗiyan banza, da can da mi kuka ɗaga su, da wauta?" Washegari ya riga kowa zuwa bayan masallaci. Kuma ya yi mana amfani, gaskiya. Shi ya hana mu jan wutsiya da ƙarfi, shi ya koya mana murza ƙafa daga sama zuwa kofato, shi ya ce a jiƙa dusa da 'yar kanwa a ba su tun suna kwance. Kullum maganarsa ita ce saniya ba ta mutuwa daga ciki, daga ƙafa take farawa. Amma Baba ba ya fita ko nan da can sai da wuƙarsa cikin kube, rataye a hammata. A ganinsa taimako ne, kada saniyar talaka ta tafi mushe a rasa ko nama. Mu ma haka muka gani. Ko ɗayanmu bai tsaya ya yi tunanin yadda abin yake a idon mai saniya ba.

Ni kuwa akwai rugar da ta fi mini kowace. A kan hanyar Madekali take, kusa da wani kwazazzabo mai sarƙaƙiya, kuma a nan Inna Dikko take. Ba ita ta haife ni ba, amma ban san yadda zan kira ta ba in ba uwa ba. Da aka haife ni nonon uwata ya ƙafe, Inna Dikko ce ke takowa daga ruga kullum da ɗan ƙoƙon madara mai ɗumi, ba ta taɓa karɓar komai a kai ba. Shi ya sa har na yi gemu ba ta kirana da sunana, sai "ɗan maraƙina". Garken mijinta ya ƙare tun da daɗewa, fari ya ci wasu, ciwo ya ci wasu, shi ma ya bi su. Ɗanta na kudu yana kiwon shanun mutane. Abin da ya rage mata a duniya saniya ɗaya ce, ja mai farin goshi, ana ce mata Wule, jikar wadda na sha nononta. Wule na da tsohon ciki a bazarar nan. In ta kai damina ta haihu, Inna ta sake zama mai shanu, ɗanta ya samu abin da zai dawo ya tarar. In ba ta kai ba, babu abin da zai riƙe tsohuwa a ruga. Duk mun san haka. Kullum Wule muke fara ɗagawa kafin mu wuce gaba, ni ne mai kama ƙahonta, tana shaƙar rigata tana neman dusa.

Wata safiya a wata ruga can wajen Garu muka tarar da tsohuwar saniya ido ya riga ya juya. Mai ita, wani dattijo, da bakinsa ya ce a yanka. Baba ya yanka, muka taya fiɗa, muka ɗauko naman a kekunanmu muka kai masa kasuwa aka sayar aka ba shi abinsa. Muka kwana muna jin mun yi aikin lada. Ashe labarin da ya zaga rugage ba haka ya tafi ba. Abin da mata suka gaya wa juna a bakin rijiya shi ne, 'yan ɗaga yanzu da mahauci suke yawo, sun shiga ruga da azara sun fito da nama.

Daga nan aiki ya fara sauƙi. Mu isa ruga mu yi sallama, a fito a gaishe mu da fara'a, mu tambayi shanu a ce lafiya lau, sun tashi da kansu sun fita kiwo. Bafulatana ba za ta dube ka ta ce ba ta yarda da kai ba, kunya ba za ta bar ta ba, lafiya lau ɗin nan ita ce ƙofar da take rufewa. Mu kuwa wawaye sai murna! Muka ce dusar Baba ta yi aiki. Har muna komawa kasuwa da wuri da tufafi masu tsabta muna yi wa 'yan fura gwalo. Inna ma haka ta riƙa gaya mana. Na tambaye ta Wule, ta ce ta yi sammako. Na ji daɗi har na saya mata goro.

Baba ne ya fara shan jinin jikinsa. Ran nan mun gaisa da Inna mun juya, sai na ga ya tsaya yana kallon turken Wule. Ya sa ƙafa ya taɓa kashin da ke wurin, ya farfashe kamar busasshen ƙosai. Bai ce komai a gabanta ba, sai da muka yi nisa ya sauka daga keke ya kira ni.

"Kai, yaushe rabonka da ganin sanuwag ga da idonka?"

Na shiga lissafi, na kasa tuna ranar.

"Babu sabon kashi ga turke," in ji shi. "Kuma ka duba sawun tsohuwar. Rijiya na gabas, mi taka kai da tulu yamma?"

Muka ajiye kekuna muka bi sawun. Ya ratsa ta cikin sarƙaƙiya ya gangara kwazazzabo. Tun kafin mu ga komai wari ya tare mu, sannan ƙugin ƙudaje. Abin da na gani a ƙasan kwazazzabon nan ban taɓa ba wa 'ya'yana labarinsa ba. Shanu ne kwance nan da can a ƙarƙashin inuwa, na rugage daban daban. Da yamma, tun suna kan ƙafafunsu, matan ke koro su nan su kwana, don kada mahauci ya same su a ƙasa da safe. Suna zuwa su kaɗai su yi ta ja da igiya da zane, ƙarfin tsofaffi bai kai ba. Wasu shanun har sun kumbura, angulu na bisa reshe suna jira. Wule na can ƙarshe gindin wani marke, an yi mata rumfa da tsohuwar tabarma, ga ƙwarya da ruwa a gaban bakinta. Ta gan ni ta ɗaga kai, ta yi yunƙuri ɗaya, ko baya bai tashi ba.

Ban san Inna ta biyo mu ba sai da na ji ta a bayana. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya tsakanin Baba da saniyar, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba, tafin hannunta duk ya sale da jan igiya. Ni ta kalla, ba shi ba.

"Ɗan maraƙina, da kai za a yanka ta?"

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ya dubi wuƙar da ke hammatarsa. Na ga fuskarsa ta canza, kamar a lokacin ne ya fara ganin kansa yadda ake ganinsa. Ya zare igiyar kuben daga kafaɗa, ya riƙe da hannu biyu ya miƙa mata.

"Amshi, Dikko. Aje ta wurinki. Ni ba ni taɓa sanuwarki sai ranad da kinka ce, in ba ki ce ba har abada."

Ta dube shi, ta dubi wuƙar, ta karɓa ta soke a ƙugu cikin zane. Sannan ta matsa gefe.

Ranar ba wanda ya je kasuwa. Muka bi shanun ɗaya ɗaya, waɗanda ba su daɗe a ƙasa ba suka tashi suna rawar ƙafa. Wule ta ƙi. Muka ɗaga ta har jijiyar wuyanmu ta fito, muka riƙe, Baba na durƙushe yana murza ƙafafun yana mata magana kamar mai lallashin jariri, da mun sassauta sai ta sulale. Muka sake. Muka sake. Azara ɗaya ta karye, ta tafi da fatar kafaɗata. Da rana ta take Baba ya ce a kawo buhunan albasa. Muka ɗinke su biyu biyu, muka zura ƙarƙashin cikinta, muka rataye ta a reshen marken, kofato na taɓa ƙasa kaɗan, ko jini zai tuna hanyarsa. Na bar dako gaba ɗaya. Safe da yamma ina kan keke tsakanin gari da kwazazzabo, da dusar da uwata ke bi gida gida tana roƙo, da harawar da na samu wajen masu lambun Garu. Inna ta tare a gindin marken. Wani lokaci sai ta kama hannuna ta ɗora a cikin Wule ta ce, "Ji, shina motsi." Kuma yana motsi. Ina jin ɗan yana shuri a tafin hannuna, uwar kuwa ƙafafunta na reto kamar na tsumma. Ban taɓa roƙon Allah da kuka irin na kwanakin nan ba. Na roƙi ruwa, na roƙi ciyawa, na ce ko kaɗan ne Ya ba ta ta kai.

Ruwan kuwa ya zo. Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, a gari yara na tsalle, a masallaci ana hamdala. Ni ma na yi murna, don ban sani ba. Baba ne na gani ya fito daga mahauta yana kallon sama, fuskarsa ba annuri. Ya ce ruwan farko abokin mai ƙarfi ne, ramammiya sanyinsa ke ƙarasa ta. Aka kwana ana zuba shi. Da gari ya waye muka tura kekuna cikin laka muka isa. Ruwa ya bi kwazazzabon ya wuce, Inna ta jiƙe sharkaf, ta cire mayafinta ta lulluɓa wa saniyar. Wule na karkarwa, kanta ya sauka har hanci na taɓa laka, numfashi na fita da ƙyar da wani gurnani. Muka sauke ta daga buhunan a hankali. Baba ya duba idonta, ya duba dasashi, ya koma gefe ya tsuguna ya haɗa hannuwa. Bai nemi wuƙarsa ba. Ya yi alkawari, kuma ya riƙe shi.

Ba mai iya gaya mata. Muna tsaye kamar gumaka, numfashin na ƙara nisa. Inna ta zauna ta ɗora kan Wule a cinyarta, tana shafa farin goshin tana mata magana da Fulatanci ƙasa ƙasa, irin kirarin da suke wa shanu, tana kiran sunan uwarta da kakarta. Ta daɗe a haka. Sannan ta sa hannu a ƙugu ta zaro kuben.

"Arzika," ta ce, "zo. Kak ka bari ta tahi mushe. Ba ta cancanci angulu ba."

Ni na riƙe ƙahon, kamar kullum. Ta shaƙi rigata. Baba ya yi bisimilla, ya sa wuƙa. Da aka zo fiɗa ya sa mu muka kare shi da jikinmu, ya ciro ɗan ya naɗe a buhu, ya ba ni ya ce in kai nesa in binne kada ta gani. Na buɗe na duba kafin in rufe rami. Mace ce, ja, da farin goshi. Da na dawo Inna ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba, amma ta kalli laka a hannuna ta kau da kai.

Abin da ya fi ci mini rai, ba a yi wani daɗewa ba ƙasa ta yi kore shar. Ciyawa har bakin turken Wule, har cikin kwazazzabon, mai laushi, irin wadda saniya ke ci tana lumshe ido. Na tsani korenta a shekarar nan. Baba bai sake rataya wuƙa ya shiga ruga ba. Ya ci gaba da bin mu shekaru, hannu sake, yana barin ta a mahauta, kuma mata suka daina ɓoye mana shanu. Mun ɗaga da yawa bayan nan, da yawa sun kai damina sun haihu. Sannan motoci suka yawaita, salula ta zo, 'yan ɗaga muka tsufa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya karɓi azarar daga hannunmu.

Ɗan Inna ya dawo lokacin kaka ya tarar da turke babu komai, ya kwana biyu ya koma, daga baya muka ji yana kabu-kabu a wani gari. Ita kuwa uwata ta ɗauko ta ta ba ta ɗaki a gidanmu. Ba ta iya zaman banza ba, sai ta shiga abin da matan rugar da shanunsu suka ƙare ke yi: ta sayi madarar gari a kanti, ta dama da ruwa, ta sa ta kwana ta yi tsami, ta zuba a ƙwaryarta ta dā mai zane, ta zauna bakin tasha tana sayar wa direbobi da matafiya. Wata rana na sauke lodi, ƙishi ya dame ni, na zo na tsuguna gabanta kamar yadda na saba tun ina yaro, na miƙa hannu zan ɗauki ludayi. Sai ta ja faifai ta rufe ƙwaryar, ta ɗora hannunta a kai.

"A'a, ɗan maraƙina," ta ce. "Wanga na baƙi na. Kai ka san na gaskiya."